Ranar da Macijin 'Yata Ya Narke

Shekaru sun ja, amma har gobe ba zan manta ranar da na ci kwalar wani tsoho a Sabon Gari saboda kakin zuma ba.

'Yata ta fari ce a ajin ƙarshe a jami'a, sashen zane da sassaƙa. Aikinta na fita shi ne macijin nan na tarihi da ya hana mutane ɗiban ruwa a rijiya, za ta yi shi da tagulla. Wata uku tana murza kaki a tsakar gidanmu na Samaru, tana fitar da ɓawon jikinsa ɗaya bayan ɗaya da tsinin allura. Ni ɗan kasuwa ne, ban san kan abin ba. Iyakar sanina, in ya lalace shekararta ta tafi.

Da ta lulluɓe shi da laka ya bushe, na rungume shi a keke, ni da ita, har wajen wani tsohon maƙeri mutumin kudu. Muna gama gaisawa ya kifa dunƙulen a wuta. Can sai na ga kaki yana tsiyaya cikin gwangwani kamar man gyaɗa. Wata uku cur! Ni da ma zuciya a kusa take, ban san lokacin da na damƙi rigarsa ba.

"Malam, sake ni," in ji shi, yana dariya. "In kakin bai fita ba, ina tagullar za ta zauna?"

Yarinyar nan ta rufe fuska don kunya, tana ba shi haƙuri a madadina. Na koma benci na zauna.

Ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbin da kakin ya bari cikin lakar, muka jira har la'asar. Da ta huce sai ya miƙo mini guduma, wai tunda ƙarfi ne ke damuna, ni zan fasa. Na karɓa na buga. Lakar ta tsage, sai ga kan maciji ya leƙo, kowane ɓawo yana nan yadda ta zana shi. Daɗi ya kashe ni. Na ɗaga shi sama ina ta nuna wa masu wucewa, ina cewa 'yata ce ta yi.

Ta fita da sakamako mai kyau. Ni kuwa tun daga ranar, in na ga mai sana'a yana abin da ban gane ba, tambaya nake fara yi, hannuwana kuma suna cikin aljihu.