Layi Sha Shida da Ka Bari a Kaina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana, wanda masu jin waƙar rap suka sani da Agogo. Ya rasu a asibiti bayan wata bakwai yana fama da ciwon ƙoda, yana da shekara ashirin da tara. Ni ce autar gidanmu. Ban iya magana a cikin mutane ba, shi ya sa na rubuta.

Yaya, yau kwana ashirin ke nan. Har yanzu in na ɗauki tsintsiya da safe sai in tsaya ina jira ka leƙo ta taga ka ce, “Auta, buɗe littafi.”

Ni ce littafin. Ba ka taɓa rubuta waƙarka a takarda ba. Sai ka faɗa mini layi biyu ko huɗu ina shara, in tafi makaranta. In na dawo ka tare ni a bakin ƙofa ka ce in maimaita. Wanda na riƙe, ka ajiye. Wanda na manta, ka watsar, ko da ka kwana uku kana gyara shi. Kana cewa abin da bai zauna a kan Auta ba, ba zai zauna a kan kowa ba. Ina da shekara bakwai muka fara haka. Ni da ko malama ta tambaye ni sunana sai na sunkuyar da kai, kai kaɗai ka san ina da baki.

Ku uku ne: kai, da Tsinke, da Mai Fenti. Kun haɗu ne wata rana da ruwan sama ya tare ku a ƙarƙashin benen shagon da kake koyon gyaran rediyo. Mai Fenti yana buga bokitinsa, Tsinke yana zuba magana a kai, kai kana gaya musu inda suka kauce wa kiɗa. Daga nan aka sa maka Agogo, ƙungiyar kuma kuka sa mata Ƙasan Bene.

Ba ku da ɗakin ɗaukar waƙa, sai wadrob ɗin Mama. Kai ka gano cewa kayan da ke rataye a ciki suna shanye ƙara. Mai waƙa zai shiga da makirfo ya durƙusa tsakanin zannuwa, a rufe shi, a kashe firji don kada gurnaninsa ya shiga. Tsinke yana shiga kamar an zura allura. Mai Fenti kuwa sai an danna ƙofar da kafaɗa, ya fito jiƙe da gumi yana cewa, “Mama, a yafe mini, yau ma na yi wa mayafinki wanki.” Ran da kuka gama waƙarku ta farko, murna ta sa babu wanda ya tuna da firji sai washegari. Mama ta zubar da miyar kwana uku, ta ce da ku da waƙar duk ku bar mata gida. Da yamma kuma na same ta a kicin tana rera amshin a hankali.

Shekara uku kuna tare. Kun yi wasa a makarantu da filin ƙwallo, yaran unguwa suna rubuta sunanku a bango da gawayi. Sai wani gidan rediyo ya ce zai sa waƙarku. Mama ta tara maƙwabta a tsakar gida, ka ɗauko babbar rediyon da ka gyara da hannunka. Baitin Tsinke ya wuce, na Mai Fenti ya wuce. Na buɗe baki zan bi naka, sai amshi ya dawo, waƙa ta ƙare. Ashe an ce ta yi tsawo, Tsinke kuma shi kaɗai ya je gidan rediyon, ya yarda a cire naka, bai gaya wa kowa ba.

Wata maƙwabciya ta ce, “To ina namu yaron?” Ka kashe rediyon, ka naɗe wayarta a hankali, ka yi wa mutane godiya.

Daga ranar Ƙasan Bene ta watse. Tsinke ya tafi babban gari, ya yi suna, har hotonsa ya hau allunan kan titi. Mai Fenti ya rantse ba zai ƙara riƙe makirfo ba. Ya ajiye fentin ma, ya koma tuƙa motar ɗaukar yaran makaranta, ya yi aure, ya haifi 'yan biyu. Kai ka buɗe shagonka, kana gyaran rediyo da lasifika. Yara masu son waƙa suna cika maka benci, kana koya musu ƙirga kiɗa da tafi, kana korarsu gida in lokacin karatu ya yi. Ba ka ƙara fitar da waƙa ba, amma ba ka daina leƙowa ta taga ba. In waƙar Tsinke ta zo a rediyon da kake gwadawa, ba ka sauya tasha. Sai dai ka ce, “Har yanzu yaron nan yana riga kiɗa shiga.”

Kana asibiti Tsinke ya aiko maka da sabuwar waƙa a waya. Ya yi baitinsa, ya lallaɓi Mai Fenti ya yi nasa, suka bar wuri a tsakiya, kiɗa kawai, layi sha shida. Babu wani saƙo bayan wannan. Ka saurara sau uku, ka juya fuskarka bango. Washegari da na kawo maka ruwan zafi ka ce, “Auta, buɗe littafi.”

Mako biyu muka yi. Numfashinka ba ya kai layi ɗaya sai ka huta. Wannan karon ban manta ko kalma ba, don tsoro nake ji ka watsar. Ka ce in ka samu sauƙi za ka shiga wadrob ka ɗauka da kanka, kada in gaya wa kowa, so kake Tsinke ya ji daga bakinka. Allah bai nufa ba.

Sun zo gaisuwa tare, Tsinke da Mai Fenti. Tsinke ya cire baƙin tabarau ya durƙusa gaban Mama. Ya ce, “Mama, bai ba ni amsa ba. Ko ya ce wani abu a kaina? Ko zagi ne, a gaya mini.” Mama ta ce ba ta sani ba. Ina bayan labule, amsar tana kaina, bakina ya ƙi buɗuwa. Haka suka tashi.

Kwana tara ina ɗauke da ita, Yaya. A na goma ina shara na nemi layi na bakwai na rasa. Na zauna a ƙasa ina kuka, har ya dawo da kansa. A nan na gane in na ci gaba da shiru, wannan ma za a cire maka shi, kuma ni ce zan cire. Na je na gaya wa Mama.

Ta aika wa Tsinke da Mai Fenti, suka dawo ranar Asabar. Na ce ba zan iya a gabansu ba. Mai Fenti ya ce, “Wa ya ce a gabanmu? Ƙa'idar gidan nan ai ba ta canza ba. Shiga, ke ko dannawa ba sai an yi ba.” Mama da kanta ta kashe firji. Na shiga, aka rufe. Rigunanka biyu suna rataye a ciki, da ƙamshin sabulunka. Na riƙe hannun ɗaya, kiɗa ya zo, na faɗa duka. Ƙarshensa ka ce:

Ka hau, ɗan'uwa, ka hau, ni ne riƙe da tsani,
In ka waiwayo ba ka gan ni ba, ba fushi na yi ba, an kira ni.

Da na fito, Tsinke ya kifa kansa a kan gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Mai Fenti yana share ido da hularsa, ya ce, “Ko sau ɗaya ba ta riga kiɗa ba. Agogo ne ya saita ta.” Ban san ko za su fitar da waƙar ba, ban kuma tambaya ba. Saƙonka dai ya isa.

Ya Allah ka jiƙan Yaya, ka yafe masa kurakuransa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka ba Mama haƙuri, da Baba, da yayyena, da Tsinke da Mai Fenti, da yaran da suka saba zama a bencin shagonsa. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, ka haɗa mu da shi a Aljanna. Amin.

Sauran waƙoƙinka na shekara bakwai suna nan a kaina, Yaya. Na sayi littafi na gaske, na fara sauke su ɗaya bayan ɗaya. Amma kullum da safe ina barin tagar a buɗe.