Tafin Hannun Gwaggo

Yau ɗiyata ke naƙudar fari a matanite, asibitin haihuwa ta Gaya. An hana ni shiga, ina zaune ni kaɗai a kan banci. Ta taga na ji ungozoma na ce mata, "Kar ki yi yunƙuri tukuna!" Sai marigayiya Gwaggo, yayar babana, ta faɗo mini a rai.

Ita ta karɓi haihuwar ɗiyar nan a Tanda, da rana tsaka. Ciwo ya ci ƙarfina, so nake kawai in yunƙura in huta. Gwaggo ta duba ni ta ce, "Bakin mahaifa bai gama buɗewa ba. In kin matsa yanzu, yagewa za ki yi." Ta kawo tafin hannunta daidai bakina, yana ƙamshin man kaɗe da hayaƙin murhu. "Hura nan a hankali, kamar kunu mai zafi." Na yi ta hurawa har ta ce, "To, yanzu!" Na sauka lafiya, ko ɗinki ban sha ba.

Ɗiyata ta sake yin ƙara. Sai ga ni ina hura tafin hannuna, babu ƙamshin komai.

Allah ya sanyaya makwancinki, Gwaggo. Ya sauki jikarki lafiya.