Mabuɗin da Hayaƙin Shanu Ya Tare a Uke

Mun tashi da asuba daga Garki, ni da direba da abokin aikina, da akwatuna uku a bayan mota waɗanda na fi tausaya wa a kan kaina. Oga ya riga ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: kwamiti zai zo ofis da yamma, in gwajin bai yi ba a gabansu, za a rufe sashenmu a rarraba mu. Ni ne kuma na zaɓi tudun Uke da za mu kafa na'urar da ke cikin akwatunan.

Mabuɗi za mu karɓa, amma ba na ƙofa ba, lambobin sirri ne da ake kulle saƙo da su. Daga saman wani bene a Abuja ake harbo su cikin ƙwayoyin haske, ɗaya bayan ɗaya, ba waya, mu cafke da madubin hangen nesa. Duk wanda ya leƙa a hanya sai ya ɓata su, kurakurai su yi yawa, na'ura ta watsar da mabuɗin.

A Masaka cunkoso ya riƙe mu. Ko'ina gini ake yi, ko'ina allon filin sayarwa, har ƙosai ya ji labarin arzikin ƙasa ya ƙanƙance. A wani shinge jami'i ya tambayi abin da ke cikin akwatunan, direba ya ce mabuɗi za mu karɓo daga Abuja ta iska. Mutumin ya dube mu da tausayi, ya ɗaga mana hannu. A Uke abokin aikina ya zauna wa gasasshen kifi da yaji har yana gumi.

Da rani na duba tudun nan, babu kowa. Yanzu damina ce, ga ruga ta sauka a gindinsa. Na gani, ban ɗauke ta komai ba. Muka wuni muna saiti, muna jiran rana ta yi sanyi, domin haskenta yana danne namu.

Da la'asar sakaliya aka fara, abin yana tafiya sumul. Can sai kurakurai suka fara hawa. Oga ya bugo, murya ƙasa-ƙasa: "Kwamiti na zaune fa. Wa ke leƙen mabuɗinmu a hanya?" Abokin aikina ne ya nuna min hayaƙi fari, yana tashi daidai hanyar haskenmu. Makiyaya sun hura wuta da ɗanyen ganye don korar ƙudaje daga shanu.

Na gangara da gudu, ko sallama ban yi ba, na ce wa dattijon rugar a kashe wutar. Sai ya tambayi gajiyata, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya, waya na ta ruri a aljihuna. Sai da na amsa duka sannan ya ce in an kashe, cizo zai watsa shanun cikin gonakin mutane.

"Yaro, yi haƙuri," in ji shi. "In rana ta taɓa kan wancan dutsen, iska za ta juya. Kullum haka take yi."

Na koma sama raina a ɓace, ban yarda ba. Oga ya sake bugowa cewa da an kira magariba 'yan kwamitin za su tashi. Na tsaya ina kallon rana tana sauka kamar ba ta so. Tana taɓa dutsen, hayaƙin ya kwanta ya yi kudu. Kurakurai suka sauka, mabuɗinmu ya yi daidai da na Abuja kafin kwamiti ya tashi, na zauna daɓas a kan ciyawa.

Muka yi salla muka kamo hanya, muka sake shan cunkoson Masaka har gida. Tafiyar ta koya min cewa taswira ba ta san damina ba, kuma kafin ka hau tudu, ka gaida na gindinsa. Washegari Oga ya ce in rubuta sunayen duk waɗanda suka taimaka a rahoto. Na riƙe biro na daɗe. Dattijon ya tambayi iyalina kaf, ni ko sunansa ban tambaya ba.