Kakata da Ɗakinta Mai Kamar Tukunya

Wallahi tsohuwar nan sai ta sa mini hawan jini. Kakata nake nufi, wadda ta haifi babana. Ɗakinta na ƙasa da ke Danchuwa ya tsage daga sama har ƙasa, hannuna ma na shiga tsagar, ga hadari ya fara haɗowa, amma ta ce ba inda za ta. Ruwa ɗaya mai ƙarfi, bangon nan a kanta zai kwanta.

Kuma na san tushen taurin kan. Tun muna yara take ba mu shi a tatsuniya.

Lokacin, in an ci tuwo, sai mu kewaye murhunta a tsakar gida tana gasa mana gyaɗa. Ni ba na iya zama wuri ɗaya, abin da ya raba ni da boko ke nan, sai ta sa ƙafa ta take mini gefen riga. Ba ta buɗe labari irin na mutane. Kara take bugawa a dutsen murhu ta ce, "Mai kunne ya matso." In labari ya yi daɗi kuma ta zarce da Ngizimanci, sai mun yi ihu ta dawo Hausa.

Wai a farkon duniya babu ɗaki. A kogon kuka ake kwana, wasu a gindin dutse, kura ta zo ta zaɓi mai ƙiba. Akwai wata mata mai ginin tukwane, ta haihu da damina. Kogo ya cika da mutane, mijinta ya tafi farauta, ruwa ya sauko. Ta rasa inda za ta sa jariri, sai ta kifa masa wata ƙatuwar randa, ta fasa gefenta don ya sha iska. Ita ta kwana a waje ruwa na dukanta. Da safe ta ɗaga, yaro ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ta ce, to me zai hana a gina wadda za ta ci uwa da ɗa? Ta kwaɓa ƙasa da ciyawa, tana ɗorawa zagaye-zagaye yadda take wa tukunya, ta bari ya sha rana, ta ƙara. Da ya wuce kanta ƙasa ta ƙi rufuwa, sai ta yi masa hula da kara.

"Mijin fa?" in ji mu.

"Ya dawo ba ko ɓera, ya shige ya miƙe ƙafa, ya ce ai shi ya ba ta shawara."

Ni ne mai gardama. "Kaka, kina wajen aka yi?"

"Maigidana, in ban gani ba, kakata ta gani. Kai da ko zariyar wandonka ba ka iya ɗaurewa ba."

"To ɗaki mai kusurwa fa, irin na cikin gari?"

"Aikin maza ne, zagaye ya gagare su. Kusurwa ai masaukin kunama ce."

Mu yi ta dariya. Wa ya san da gaske take?

Yanzu lodin shanu nake a kasuwar Potiskum. Sun take ni, sun tunkuye ni, rana ta dafa ni, a haka na gina mata ɗakin bulo da kwano a gefen nata, har da taga. Na riƙo hannunta na kai ta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa bangon da sandarta.

"Wa ya gina?"

"Magina, Kaka."

"Sun san ni?"

"Ina ruwan bango da saninki? Wancan kashe ki zai yi!"

"Wancan ni na kwaɓa ƙasarsa, da cikin ubanka a jikina. In ya tsage, ciwo ne, magani ake masa. Kai da ka yi ƙyanda, a bola muka zubar da kai?"

Na hau mashin na koma gari, na ce ta ƙarata. Amma duk lokacin da gabas ta yi baƙi sai in kasa ko kama igiyar shanu.

Da ina ɗauka labarin na wayon mata ne da ragwancin maza. A kan buhun dusa ina huci na gane ba nan ya tsaya ba. Tun ɗaki na farko, sai wani ya yarda ya jiƙe a waje kafin wani ya kwana a bushe. Ita ta yi nata, ta raini ubana, ta raine mu. Layi ne ya zo kaina, kuma ba ni zan zaɓa mata randar ba.

Na koma muka yi ciniki. Za ta kwana a ɗakin bulo, ni kuma in rushe ɓangaren da ya tsage in tayar da shi da ƙasa. Ta yarda, amma wai baƙunta ta je, ranar da bango ya bushe za ta koma gida.

Ga ni nan, wando a naɗe, laka har gwiwa, abokaina na can suna lodi. Ita tana zaune a inuwar ɗakin da ta raina, tana nuna ni da sanda.

"Ƙara ciyawa, maigidana. Kai, shanun naka ma sun fi ka iya taku."