Baitin da Na Ɗauko Daga Sabon Gari

Ƙosai nake soyawa a Fagge a shekarun nan na gab da samun 'yancin kai. Takardar naɗi kuwa a kasuwar Sabon Gari nake sayowa, ɗauri-ɗauri. A cikin wani ɗauri 'yata ta tsinto ɗan littafi mara bango, kowane shafi da zane da 'yar waƙa a ƙasa: ga kaza da tabarau, ga bunsuru da babbar riga a kan keke. Shekarunta shida. Ta hana ni yagarsa.

Gidanmu ba mai karanta boko. Sai mu je wurin wata matar tela, Kirista 'yar Zariya da ke Sabon Gari, ta rera mana shafi guda in ta sami sarari. Yarinya ta yi ta dariya har da shaƙuwa.

Ba mu kai kan bunsurun ba ƙyanda ta kama ta. Aka killace ta a ɗaki. Ta ƙi kunu, ta ƙi ruwa, magana ɗaya take yi: "Inna, me ya sami bunsurun?"

Matar tela tana goyo, ba za ta shiga ɗakin mai ƙyanda ba, ban kuma ga laifinta ba. Na kai mata littafin na ce, "Zuba min baitin bunsurun a ka." Ta yi ta maimaitawa har na riƙe.

Na kamo hanya ina nanatawa, ban gaida kowa ba, don na san ina cewa "ina wuni" baitin zai zube. A bakin famfo na wuce yayar mijina.

"Ke! Makancewa kika yi ko girman kai ne?"

Ban waiga ba. Na durƙusa gaban tabarmar yarinya na ce:

Bunsuru ya hau keke,
Yana tafe yana shan rake,
Gemu ya shiga waya ya sarƙe,
Ya faɗa kwata, a zo a wanke!

"Inna, ba haka take yi ba. Ja muryar."

Na ja. Ta yi dariya, leɓɓanta duk a tsage, ta kurɓi kunu kaɗan. Na ɗauka mun tsira. Ranar Juma'a aka kai ta makwancinta.

A wurin zaman makoki yayar mijina ta dinga ba matan da suka taru labarin yadda na wuce ta. Na ce, "Yaya, da na tsaya gaishe ki, da yarinyar nan ta tafi ba ta yi dariya ba. Ina wuni. Ga gaisuwarki, karɓi."

Daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina zama cikin sa'annin ƙannena. Yanzu da kaina nake karanta wa yaran unguwa littafin, suna birgima a ƙasa don dariya. Layin ƙarshe ne ba na iya faɗa. Su suke ƙarasa min, da ihu.