Yadda Lantana Ta Dawo da Gwadabe Gida

A wani ƙauye na Gwangwan, can ƙasar Rogo, an yi wata mata ana ce mata Lantana mai garwa. Sana'arta man gyaɗa. Tun tana amarya take suyar ƙuli-ƙuli a cikin gida. Da girma ya kama ta, ta aurar da 'ya'yanta mata, sai mijinta Gwadabe ya yarje mata ta riƙa kai mai Kano da kanta, domin masu zuwa sari har gida sun fi ta cin moriyar guminta. Shi Gwadabe manomi ne marar hayaniya, wanda in ya ce maka uffan a yini to ka ci sa'a. Rabin gyaɗar da take matsewa daga gonarsa take fitowa. Duk ranar tafiya shi yake ɗaure mata garewanin mai a bayan kekensa ya tura har bakin hanya, ya tsaya sai ya ga mota ta ɗauke ta.

Hanyar nan ta koya wa Lantana haƙuri da kuma tsiwa. Ta sha zama a tasha tun hantsi har rana ta take tana jiran hayis ta cika, alhali rabin waɗanda ke ciki 'yan kamasho ne da aka zaunar don a ruɗi fasinja. Ta sha sauka ta tura mota a taɓo, zani a ɗage. A cikin birni kuma, daga Kabuga zuwa kasuwar Rimi, masu ƙananan bas ba sa son ganin garwa, wai tana ɓata musu kujera, sai ta yi ta ɗaga hannu suna wucewa. Abin da ta fi tsana shi ne juye, wato direba ya kwaso ku da sunan Rogo, in ya zo Karaye ya ga hanyar gaba ba ta yi masa ba, ya juye ku cikin wata motar kamar buhunan dawa. Akwai kuma abin da ta taɓa gani da idonta bai bar ranta ba. Wata rana wani dattijo ya cika a cikin mota wajen Rimin Gado, direban ya tsorata da masu shinge, ya sauke gawar da ɗan mamacin a gindin wata bishiya, ya ja motarsa. Lantana na waiwaye tana hango mutumin tsugune har kwana ta raba su.

A daminar shekarar da aka yi doguwar wahalar man fetur, Gwadabe ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, numfashinsa ya koma sama-sama. An yi saƙe-saƙi an yi rubutu, an je ɗakin shan magani na Rogo, malamin wurin ya ce wannan sai birni. Yayan Gwadabe, Malam Alhassan, ya ce a bari a ga abin da Allah zai yi. Lantana ta ce Allah ne ya yi asibitin ma. Ɗansu namiji yana neman kuɗi a kudu, don haka ita ta kama hannun mijinta suka shiga mota.

Suka tarar ma'aikatan asibitin suna yajin aiki. Ƙofa a buɗe, benci a cike, babu mai duba kowa. Wata malamar asibiti da ta zo ɗaukar kayanta ta tausaya, ta danna ƙafar Gwadabe da yatsa, ramin ya ƙi cikowa. Ta ja Lantana gefe.

“Iya, in kina da inda za ki kai shi na kuɗi, ki kai shi yau. In babu, ki mai da shi cikin danginsa.”

Suka kwana gidan Barira, wata mai sayen man gyaɗarta a birni. Da gari ya waye Gwadabe ya ce, “Ki kai ni gida.”

A tasha motar Rogo ɗaya ce tal, sauran duk suna layin gidan mai. Direban, wani dogo mai jan ido ana kiransa Ɗanmaliki, ya dubi Gwadabe sama da ƙasa.

“Iya, wannan zai kai kuwa?”

“Da ƙafarsa ya zo, ɗan nan.”

Aka cusa su kujerar baya, Lantana a jikin taga, Gwadabe a gefenta, sai wani tsoho mai farin gemu da carbi, Malam Ilu, wanda zai je ganin jikokinsa a Rogo Sabon Gari. Kujerar mutum uku aka zaunar da biyar. Jarkokin fetur biyu na ƙarƙashin ƙafafunsu, warin na hawa kai. Sai da rana ta kusa tsaka motar ta tashi.

Tun kafin su bar gari Gwadabe yake haki. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya runtse ido. Lantana ta jiƙa bakin mayafinta tana goga masa a leɓe. Da suka wuce Rimin Gado ya buɗe ido ya ce, “Ina muke?” Ta faɗa masa. Sai ya kwantar da kansa a kafaɗarta, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba tun da aka ɗaura musu aure. Ta kai bakinta saitin kunnensa tana karanta masa kalmar shahada a hankali. Ta ga leɓensa na motsi. Ya ja wani dogon numfashi, ta jira na bayansa, bai zo ba.

Kan ya yi nauyi a kafaɗarta. A gaba wasu na musu a kan farashin taki, direba ya saka kaset. Kuka ya taso mata tun daga ciki, ta danne shi da haƙori. Bishiyar nan kawai take gani, da mutumin da ke tsugune. Ta ja mayafinta ta lulluɓe kansa da tata kafaɗar, ta zura hannu ƙarƙashi ta shafe masa ido, ta tallafe haɓarsa da tafinta don kada bakin ya saki. Ta yi innalillahi a zuci, ta kafa ido a kan gonakin da ke wucewa.

Kusa da Gwarzo aka tsai da su a shinge. Wani mai bindiga ya zagayo yana leƙa tagogi, ya tsaya daidai kanta.

“Wannan fa? Me ya sa aka rufe shi?”

Sai Lantana ta ji muryar Malam Ilu, a natse.

“Daga asibiti aka fito da shi, ranka ya daɗe. Ya sha wuya ƙwarai. Yanzu ne Allah ya ba shi hutu.”

Mutumin ya ɗan ƙara kallo, warin fetur ya buge shi, ya ja da baya ya tafi wajen direba. Da motar ta tashi Lantana ta saci kallon tsohon. Bai dube ta ba. Ya dai matso ya tokare Gwadabe da kafaɗarsa ta ɗaya gefen, yadda ko an faɗa rami ba zai kife ba, ya ci gaba da jan carbinsa. Ta gane ya sani.

Daga nan hadari ya haɗo, aka sako ruwa. Tagar gefenta ba ta rufuwa, ruwan ya yi ta dukanta. Hannun da ta tallafe haɓar ya yi tsami, ya mutu, ba ta sauke shi ba. Ɗumin jikin mijinta na raguwa tana ji. Wata mata a kujerar gabansu ta juyo ta miƙo dafaffiyar gyaɗa ta ce a ba mai jiki ko zai iya taɓawa. Lantana ta ce, “Ya gode,” da wata murya da ita kanta ba ta san ta ba.

Ana kiran la'asar suka shiga Karaye, ruwa ya tsagaita. Ɗanmaliki ya shiga tasha ya kashe mota.

“Jama'a, a sauko. Man da ya rage ba zai kai ni Rogo ya dawo da ni ba, kuma an ce ruwa ya cinye kwalbati a gaba. Ga akori-kura can za ta ƙarasa da ku.”

Aka hau shi da faɗa, yana sauke kaya ko a jikinsa. Lantana ta hango akori-kurar, buɗaɗɗiyar baya, an loda mata buhuna, mutane na ɗare a kai. Fasinja suka fice ɗaya bayan ɗaya, saura su uku a baya. Ɗanmaliki ya buga jikin motar.

“Iya, ki tashe shi mana. Baba, kai ma fito.”

Ba wanda ya motsa. Ya leƙo da kansa ciki, ya dubi mayafin, ya dubi ƙafar Gwadabe da ta karkace a kan jarka. Fuskarsa ta sauya.

“Tun yaushe?”

“Tun bayan Rimin Gado,” in ji Malam Ilu.

Ɗanmaliki ya dafe kai. Ya rage murya. “Kin san abin da kika ja mini? Da mutanen can sun ɗaga mayafin nan, da ni da motar sai mun kwana a hannu. Motar ma ba tawa ba ce. Me ya hana ki faɗa?”

“Da na faɗa, da ka sauke mu,” in ji Lantana. “Na taɓa ganin an yi.”

Ta ƙara da cewa, “Gida ya ce in kai shi. Ba zan ɗora shi a kan buhu ba, kuma ba zan sauka a tasha da shi ba. In fitar da mu za ka yi, sai dai ka sa hannu ka ja mu.”

Kafin nan magana ta zaga tashar. Mutane suka taru a bakin motar ana salati. Wani ya ce a kai shi gidan mai unguwa a yi masa sutura a nan Karaye, ai ƙasa duk ta Allah ce. Wani ya ce a nemo hukuma tukuna. Da Lantana ta ji haka sai ta ƙara ƙanƙame mijinta. Can Ɗanmaliki ya shiga ya janyo jarka ɗaya daga ƙarƙashin kujera, man da ya yi niyyar komawa Kano da shi, ya juye a tanki yana ƙunƙuni. Yawancin fasinjan suka tafi akori-kura. Maza uku suka dawo suka shiga, da matar nan mai gyaɗa, wadda ta zauna kusa da Lantana ta karɓe ta riƙon haɓar. Sai a lokacin aka kwantar da Gwadabe a kan kujera, aka miƙe masa ƙafafu.

Maganar kwalbati gaskiya ce. Suka tarar rafi ya yanke hanya, jan ruwa na gudu, akori-kurar ma ta tsaya a gefe. Ɗanmaliki ya sauka ya naɗe wando ya shiga, ruwan ya kai masa cinya. Ya fito, ya ɗauko sifana ya kwance kujerar baya gaba ɗaya. A kanta aka ɗaure Gwadabe da rawanin Malam Ilu. Maza huɗu suka ɗaga ta a kafaɗa, har da direban, suka shiga ruwa suna taku da ƙyar. A tsakiya ɗaya ya zame, kujerar ta karkata, Lantana da ke biye ta tare da hannu biyu, ruwa na jan zaninta. Suka haye. A ƙauyen da ke tsallake aka samu amalanken shanu, wani mai keke ya yi gaba da labari.

Ɗanmaliki ya ɗauki kujerarsa a ka zai koma. Lantana ta fara yi masa godiya, ya katse ta. “Allah ya jiƙansa, Iya. Amma don Allah kada ki ƙara yi wa wani direba haka.” Ya shiga ruwa.

An binne Gwadabe kafin magariba, a maƙabartar da iyayensa suke. Malam Ilu ya tsaya har aka yi salla, ya kwana, da safe ya wuce. Lantana ba ta yi kuka ba sai da ta ga keken a jingine a zaure.

Malam Alhassan bai yafe mata da wuri ba. A zaman makoki ya faɗa a gaban mutane cewa an ja ɗan'uwansa ya mutu a mota kamar marar gata. Maganar ta iso mata cikin gida, ba ta mayar ba. Da ta fita takaba ta wanke garewaninta ta koma hanya, yanzu da kanta take ɗaukar su a ka zuwa bakin titi. In sun haɗu da Ɗanmaliki a tasha sukan gaisa, shi ke nan.

Bayan wasu shekaru ido ya fara gagarar Malam Alhassan, yanar ido ta rufe masa su duka biyu. Aka ce a birni ana cirewa. Yana da 'ya'ya maza a gida, amma wata safiya sai ga shi an jawo shi har ƙofar ɗakin Lantana. Suka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye a kan damina da tsadar gyaɗa, sannan ya ce yaran nan ba su san kan birni ba, ko za ta raka su.

“To, Yaya,” in ji ta. “Sai dai a yi sammako. Kuma a tafi da tabarma da buta, don ba a san inda mota za ta ajiye mutum ba.”

Ta kai shi, aka yi aikin, ido ɗaya ya buɗe. Da shi ya ci gaba da duba gonarsa har ƙarshen ransa.