Ɗauko Inna Daga Ibohaman a Motar Illa

Madawa

Muna sallame sallar asuba muka bar Madawa, ni da Illa. Illa ɗan kawuna ne, taubashina, kuma shi ke da motar, wata tsohuwar kat-kat, irin motar shiga daji, mai shan gazuwal, wato man dizal, da ta girmi 'ya'yansa duka. Abin da ya tashe mu, yayata Rakiya ce ta yi waya daga Ibohaman cewa Inna, mahaifiyarmu, ta zamo daga tsanin rumbu ta karye a ƙugu. Maɗori ya ɗaure, amma ƙafar sai kumbura take yi, tsohuwar kuma ta daina cin abinci. Ba ta iya zama, balle a yi zancen babur ko motar kasuwa. Dole sai motar da za a shimfiɗe ta kwance. Asibitin garin Tawa ya fi kusa da su, amma ba mu da kowa a can, ni kuwa gidana yana bayan asibitin Madawa.

Ni mutum ne mai tsoron mota, ban taɓa ɓoyewa ba, Illa kuma ya san haka. Ina rufe ƙofa ya ce, "Malam, in ka ga na buɗe ƙohwa na dira, kai ma dira. In ba haka ba, yi kwananka."

A shingen fita gari wani jandarma ya duba takardu, ya zagaya motar yana girgiza kai. "Wagga har yanzu tana tahiya?"

"Ta hi ni lahiya," in ji Illa. Aka ɗaga mana igiya muka wuce.

Buza

Lafiyar ba ta kai mu Buza ba. Tun muna hango duwatsun garin motar ta soma tari, tana fitar da farin hayaƙi, in an zo hawa sai ta yi kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da kima. Da rarrafe muka shiga garejin wani makanike mai suna Atto, abokin Illa. Ya buɗe gaban motar, ya kasa kunne, ya kwance wani bututu ya duba, sannan ya ce famfon gazuwal ne ya gama aiki. Shi ne abin da ke auna mai yana tura wa injin. Ba shi, ba tafiya. Sabo kuwa sai an aika nesa, a jira kwanaki.

Na kira Rakiya. Ta ce zazzaɓi ya rufe Inna tun safe. Na dawo na tsaya a kan Atto kamar tsayuwata za ta gyara wani abu.

A bayan garejin akwai wata matacciyar kat-kat da ta fi tamu tsufa, ba tayoyi, kaji na ƙwai a kujerarta. Atto ya dube ta ya dubi Illa. "Nata shina da rai. Sai dai ba uwarsu guda ba."

Wuni guda suka yi a kai. Suka kwance bututan mai ɗaya bayan ɗaya, suka zare famfon matacciyar, suka wanke shi a tasa da gazuwal. Atto ya yi alama da ƙusa a jikin haƙoran ƙarfe don kada lokacin tura mai ya goce. Na sayo mana shinkafa da wake, ni dai ban iya cin rabi ba. Da la'asar sakaliya motar ta tashi, da wata irin murya mai kauri wadda ba tata ba.

Abu biyu ne ba su zauna ba. Na farko, tsohon famfon bai san makulli ba, wani ɗan hannun ƙarfe gare shi da ake ja injin ya mutu. Sai Atto ya ɗaura masa igiya, ya zuro ta ta wata huda har gaban kujerata. Na biyu, ƙarfen da ke mayar da totur baya in an ɗaga ƙafa bai yi daidai ba, sai ya yanko robar tsohon tif ɗin taya ya ɗaure a madadinsa.

"Lakile ta tayar, amma ba ta kashewa," in ji Atto, yana nuna makullin motar. "In za ku tsaya, a ja igiya."

Na ce, "In robar ta tsinke fa?"

"Sai a ja igiya."

Illa ya yi dariya. "To Malam, ka samu aiki. Yau kai ne mai kashewa."

Ban yi dariya ba. A gidan Atto muka kwana, matarsa ta ba mu tuwon gero da miyar kuka.

Keita da Ibohaman

Da sassafe muka kama hanyar Keita. Damina ta yi nisa, gero ya yi kai a kwaruruka, saman tudu kuwa baƙin dutse ne shimfiɗe har iyakar gani. Motar tana gudu fiye da yadda na san ta, Illa yana ta yabon Atto. A shingen Keita na ja igiyar karo na farko, injin ya yi shiru nan take. Na ɗan ji sanyi a raina.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Ibohaman. Na sami Inna kwance a ɗaki, ta rame, leɓɓanta sun bushe. Na durƙusa na gaishe ta. Ta buɗe ido ta ce, "Kun karya kumallo?" Da ta hangi Illa a bakin ƙofa sai ta ƙara da cewa, "Wanga ɗan banza ne za shi tuƙa ni?"

"Ni ne, Gwaggo. Yau sai Madawa."

Maƙwabta suka zuba yashi a buhuna aka jera a bayan motar, aka ɗora katifa a kai don rage girgiza. Maza huɗu suka ɗauko ta a kan ƙyauren ɗaki. Ta cije baki, ba ta yi ƙara ba, amma na ga hawaye ya gangaro mata ta gefen kunne. Rakiya ta sa mata matashinta na fata a ƙarƙashin kai, ta zauna kusa da ita ta riƙe ƙafar.

Allakai

Illa ya ce ba za mu koma ta Buza ba, za mu yanke ta Allakai da Tama, ta fi kusa. Hadari kuma ya soma haɗuwa a gabas, yana so mu tsallake koramar da ke ƙasan tudu kafin ruwa ya zo. A Allakai ba mu ko kashe mota ba. Rakiya ta miƙa kwano ta taga aka dama mata fura, ta ɗiga wa Inna kaɗan a baki. Rana ta take, zafin injin yana dukan ƙafafuna ta ƙasan kujera, ina jin ƙaurin roba sama-sama. Na faɗa wa Illa. Ya ce tsorona ne ke ƙauri.

Gangaren Tama

Wanda bai san hanyar ba, daga saman tudu ake sauka zuwa kwarin Tama ta wani gangare mai lanƙwasa, dutse a hagu, rami a dama, a ƙasa kuma yashin korama. Illa ya sa ƙaramar giya, muka soma sauka a hankali.

Ba mu kai rabi ba na ji wani abu ya yi tas a gaban motar. Injin ya kwarma ihu, motar ta zabura. Illa ya ɗaga ƙafarsa sama har na gan ta, amma ƙarar sai ƙaruwa take. Robar ta tsinke, totur ya maƙale a buɗe.

"Ja igiya," in ji shi, a hankali, ba irin muryarsa ba.

Na ja da hannu biyu. Igiyar ta biyo ni gaba ɗaya, bakinta a ƙone baƙi ƙirin. Ashe ta kwanta a kan ƙarfe mai zafi tun daga Allakai. Na zauna riƙe da ita ina kallo. Illa ya murɗa makulli don sabo, ba abin da ya faru. Ya taka birki, motar ta ɗan dakata tana karkarwa, sannan ta fi ƙarfinsa. Ƙaurin birki ya cika mana hanci. A baya na ji kan Rakiya ya bugi ƙarfe, Inna kuma ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinta ba.

Na ce, "Cire giya mana."

"In na hidda ta, injin ya hwashe, mu kuma mu tahi ramin ga. Toshe mata hanci."

A gefena, jikin gilashin gaba, akwai wani bututu tsaye da motar ke shaƙar iska da shi, murfinsa ya daɗe da faɗuwa. Shi direbobi ke kira hanci. Na fito da rabin jikina ta taga. Ramin yana ƙasana, tsakuwa na zubawa cikinsa daga ƙarƙashin taya. Na cire hulata na danna a bakin bututun. Ya zuƙe ta ciki kamar ba a yi ba. Ban san ina kuka ba sai da na ji gishiri a bakina.

Lanƙwasa ta ƙarshe tana tahowa. Na juya na ce, "Yaya, ba ni wani abu, kome ne."

Rakiya ta zare matashin fatar daga ƙarƙashin kan Inna ta turo mini. Na ɗora shi a bakin bututun, na danne da ƙirjina. Ya manne. Injin ya shaƙe, ya yi tari, baƙin hayaƙi ya turnuƙe mu, motar ta yi tsalle kamar za ta jefar da ni, sannan ya mutu. Illa ya sha kwanar da abin da ya rage na birki, muka gangara muka nutse cikin yashin korama, muka tsaya.

Illa ya kifa kai a kan sitiyari. Na zagaya baya. Inna ta zame daga katifar, idonta a rufe, ƙafar ta karkace. Na kira ta, shiru. Na sake kira. Rakiya ta yayyafa mata ruwa, sai leɓɓanta suka motsa, na kai kunne na ji salati take yi.

Masu lambu da suka ji ƙarar suka sheƙo. Illa ya zaro hulata daga cikin matatar iska, ya yanko sabuwar roba ya ninka biyu, wani mai lambu ya ba shi waya daga shingensa aka sa a madadin igiya. Suka tura mu muka fita daga yashin, iskar hadari tana kaɗa mana riguna. Muna hawa ɗaya gaɓar yayyafi ya soma.

Gida

Daga Tama zuwa Madawa tafiyar amalanke muka yi. Illa bai sake tsokanata ba, ni kuma ban saki wayar ba har ta yi mini shaida a tafin hannu. Ana kiran magariba muka tsaya a ƙofar asibiti. Likita ya ce girgizar ta ƙara gocar da ƙashin, amma an zo da sauran dama. Ta daɗe a kwance. Yanzu tana takawa da sanda daga ɗaki zuwa inuwar darbejiyar gidana.

Na gode wa Allah da ya kawo mu. Na gode wa Atto, don ba don famfonsa ba da ba mu isa gare ta ba, da masu lambun Tama waɗanda ban ko tambayi sunansu ba, da Illa da bai saki sitiyari ba.

Bayan kaka Rakiya ta aiko daga Ibohaman cewa an gyara wa Inna ɗaki, mutanen gari suna ta tambaya. Illa ya zo da kansa don ya mayar da ita, ya ce ya sa famfon da ya dace, makulli yana kashewa, ko ni zan iya barci a ciki. Inna ta saurare shi har ya gama. A Ibohaman aka haife ta, a can ta haife mu, kabarin Baba yana can, kuma kullum da yamma arewa, wajen garin nata, take fuskanta in ta zauna.

Ta ce, "Illa, Allah shi yi maka albarka. Amma ni da mota, sai ranar da za ku sa ni ciki ban sani ba."